Wasan kwaikwayo na riƙe mutum har tsufa?

Wani yaro daga Tudun Wada ya aiko mini da tambaya. Ya gama sakandare, yana koyon ɗinki a Kasuwar Barci, ga kuma abin da ya ce: "Baba, so nake in bar ɗinki in shiga fim. Mahaifiyata ta hana, ta ce 'yan wasa ba sa ƙarewa da kyau, kullum sai a ji ana nema wa tsofaffinsu kuɗin asibiti. Gaskiya ne? In gaskiya ne me ke jawo haka, kuma ta ina ake shiga?"

Ɗana, mahaifiyarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta kai zancen ƙarshe ba. Na shafe shekara sama da 30 ina shirya wasa a garin nan na Kaduna, na fara da rediyo, na koma talabijin, na taɓa bidiyo har na ƙona yatsa. Don haka zan ba ka amsa da abin da idona ya gani, ka ɗauki wanda zai amfane ka.

Ka fara sanin inda kake tsaye. Yaran yanzu suna zaton wasan Hausa a Kano aka haife shi, ranar da aka ƙirƙiro sunan Kannywood. Wannan suna bai wuce 1999 ba. Mu nan Kaduna tun 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa, kuma daga harabar nan ta titin Yakubu Gowon muryoyin da suka raini iyayenku suka fito. A 1976 aka yi fim ɗin Shehu Umar, Adamu Halilu ya ba da umarni, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Kaset ɗin bidiyo na farko da ake lissafawa, Turmin Danya, sai 1990 ya fito a Kano. Ka ga ke nan kafin a sayar da kaset ko ɗaya, an yi kusan shekara 30 ana wasa a nan, an yi taurari, wasu ma har sun fara furfura.

Mutum biyu zan sa maka a gaba, dukansu 'yan garin nan ne ta wajen zama da aiki, dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Na farko Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, sannan ya dawo fagen wasa da abin da ya kwaso a bariki. Nan nake so ka buɗe kunne. Hausar da Samanja yake yi, wadda take gauraye da Turancin bariki, tana karya kalma tana ɗora wata a kanta, ba a ɗakin rubutu aka ƙaga ta ba. Ya zauna da sojoji, ya ji yadda kurtu yake amsa wa kofur, yadda saje yake daka tsawa a fareti, yadda matan bariki suke rigima a bakin famfo. Shi ya sa ko soja ya kalla sai ya yi dariya, domin kansa yake gani. Sunan ma daga muƙamin sajan manjo aka lanƙwasa shi. Mutane da yawa sun gwada kwaikwayonsa, suka kama tsawar da zare idon, amma abin bai zauna ba, saboda su Samanja suke kwaikwayo, shi kuwa mutane yake kwaikwayo. Ya rasu a nan Kaduna a watan Nuwamba 2023, ya haura shekara 80.

Na biyu Kasimu Yero, mutumin Zariya. Shi wani irin ɗan wasa ne daban. Zai ba ka dariya a Karambana har cikinka ya ƙulle, gobe ka gan shi cikin rawani a Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam, jibi ka gan shi yana Turanci a Cockcrow at Dawn, shirin nan na NTA kan noma da aka ɗauka a yankin Jos a farkon shekarun 1980, inda ya fito a matsayin Gaga, Sadiq Daba kuma yana Bitrus. Har Legas da Inugu an san fuskarsa. Abin da nake nuna wa yara a wasansa shi ne shirunsa. Ka nemi tsohon faifai ka duba yadda yake sauraro in wani yana magana, yadda gira ɗaya take motsawa kafin baki ya buɗe. Ya rasu a watan Satumba 2017 yana da shekara 70.

To me ya riƙe mutanen wancan zamani? Galibinsu ba wasa ne ke ciyar da su kai-tsaye ba. Wannan ma'aikacin gidan rediyo ne mai albashi, wancan malamin makaranta, wancan akawu a ma'aikata, wancan yana hukumar raya al'adu, wani kuma tela ne kamarka. Da yamma a haɗu a yi rihazal, ranar ɗauka a ɗauka, a rubuta maka takardar biya, kuɗin su fito in Allah ya sa sun fito. Ba su da yawa, wani lokaci sai an yi wata da watanni ana sintiri a ofishin akanta. Amma tukunyar gida ba a kansu take dogara ba. Wanda yake da albashi ya yi ritaya da fansho, komai ƙanƙantarsa. Wanda ba shi da komai sai fuskarsa, shi ne yawanci kake jin ana yi wa yekuwar neman taimako.

Ga kuma asalin cutar, wadda har yau ba a warkar ba. Ɗan wasa a ƙasar nan sau ɗaya ake biyansa. Kalmar da muke amfani da ita ma ta isa ta faɗa maka: sallama. An gama aiki, an sallame ka, shi ke nan, kai da fim sai kallo. A maimaita shirin sau ɗari, a sayar wa wata tasha, a ɗora a intanet, ko sisi ba zai sake zuwa hannunka ba. A Amurka 'yan wasa suna da ƙungiya mai haƙora, akwai kason da ake ba mutum duk lokacin da aka sake nuna aikinsa, kuma kan wannan kaso da wasu buƙatu suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023. Mu nan dattijo yana kwance ba lafiya, jikokinsa suna kallonsa a akwati yana tsalle yana saurayi, tashar tana karɓar kuɗin talla a tsakiyar shirin, shi kuwa ana neman na allura. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Da bidiyo ya zo, sai aka ga kamar an tsira. Daga ƙarshen shekarun 1990 kaset ya yi kasuwa, fim ɗin Sangaya ya tashi kan matasa, nan Kaduna ma Yakubu Lere ya fitar da Wasila wanda ya zaga ko'ina. Yara suka bar makaranta, suka bar shago, suka cika ofisoshin furodusoshi. Amma ka bi kuɗin ka ga inda suke tsayawa. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, ya buga kwali, ya kai wa diloli a Kano. Dila ya sayar, ya biya a guntu-guntu, wani lokaci ya dawo maka da kwalayen da suka yi kwantai. Kafin ka farga masu satar fasaha sun buga nasu. Da aka koma faifai abin ya ƙara sauƙin sata, da waya ta zo kuma sai 'yan dawunlodin suka ƙarasa kasuwar, a tura maka fim uku da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Ni kaina na sayar da fili a Rigasa na yi fim guda. Ranar da na je karɓar cikon kuɗina wajen wani dila, sai ya jawo buhu daga ƙarƙashin kanta ya ce in ƙirga kayana. Ban sake ba.

A cikin wannan hada-hadar, jarumai ƙalilan ne suke iya yanka farashi, waɗanda in an sa fuskarsu a fosta ake saye. Sauran, masu fitowa a uba, a kawu, a maigadi, a ɗan sanda, a ƙawar amarya, abin da furodusa ya ga dama shi ne nasu.

Bari in kai ka lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ka gani da idonka. Wata rana muna aiki a wani gida da muka ara a Unguwar Rimi. An ce kowa ya zo ƙarfe 8. Wani dattijo da ya yi shekaru yana wasan talabijin, wanda in ya bi ta Kawo har masu kayan miya suke ɗaga masa hannu, ya iso 7 da rabi, da babbar rigarsa a naɗe cikin leda don kada ta yi ƙura a kan acaɓa. Ya zauna a benci a gindin mangwaro. Jarumin fim ɗin, yaron da bai kai ɗansa na uku ba, bai iso ba sai bayan azahar. Aka fara da nasa, tunda yana da wani aikin a Kano washegari. Janareto ya mutu, aka tafi neman mai gyara. Aka kawo shinkafa da wake a roba, ba ta kai kan kowa ba, dattijon ya ce ai ya ci a gida, ni kuwa na san bai ci ba. Sai da aka yi sallar isha aka kira shi. Sin biyu ne kacal, wato fitowa biyu, na uba da aka zo gaya wa 'yarsa ta rasu wajen haihuwa. Darakta ya ce ya fashe da kuka. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in gwada wani abu, in bai yi ba sai in yi kukan." Aka ce akshin. Da aka faɗa masa, bai ce uffan ba. Ya dubi mai maganar, ya sunkuya ya jawo takalminsa zai sa, ya sa na dama a ƙafar hagu, ya tsaya yana kallon ƙafar kamar ba tasa ba. Mai riƙe da fitila sai da ya juya baya. Ba a sake ɗauka ba. Da za mu watse, yaron furodusa ya bi shi waje ya dunƙula masa wani abu a hannu, ya ce a sha ruwa, sauran sai fim ya fita. Abin da ke hannun bai wuce kuɗin acaɓarsa zuwa da komawa ba. Sauran kuwa har ya koma ga Allah bai gan su ba.

Wannan rana ɗaya ta ƙunshi sana'ar duka: jiran, yunwar, minti biyun da ba a saye da kuɗi, da dunƙulen hannun.

Yanzu zamani ya sake juyawa. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in, aka koma fim mai dogon zango. Su Labarina da Izzar So suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Alherin da ke ciki shi ne aiki yana ɗorewa, mutum zai iya shekara yana rol guda, kuma dattawa da masu barkwanci sun sake samun wuri kamar zamanin talabijin. Amma ka lura da mai tashar. YouTube mai tasha take biya, shi ma sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara ba shi kason talla. Kai da ka fito a ciki, har yanzu sallama ce. Shi ya sa duk jarumin da ka ga ya yi gida ya yi mota ya kuma riƙe su, bincika da kyau: ko yana shirya nasa finafinan, ko yana da tasharsa, ko yana tallan kamfanoni, ko yana da shago, ko yana bin 'yan siyasa lokacin zaɓe. Na ƙarshen nan ba na ba ka shawararsa, abinci ne mai saurin lalacewa. Ali Nuhu da ake misali da shi, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024, ya yi karatun jami'a, ya kafa kamfaninsa, yana ba da umarni, yana fitowa a na Kudu. Ba da fuska kaɗai ya kai nan ba.

Akwai kuma abin da ba a lissafa wa yaro sai ya shiga. Aikin na iya tsayawa cak ba da laifinka ba. A 2007 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da ɗaukar fim na watanni, 'yan fim da dama suka kwaso kaya suka dawo nan Kaduna, waɗanda ba su da wata sana'a suka sha wuya ba kaɗan ba. Ana iya dakatar da kai kanka, kamar yadda ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau, 'yar garin nan, a 2016. Ga hanya: rabin rayuwar ɗan wasa a mota take, tsakanin Kaduna da Kano da Jos da Abuja, kuma a hatsarin mota muka rasa Ahmad S. Nuhu a ranar farko ta 2007 yana tsakiyar tashensa. Ga kuma nauyin suna. Ranar da aka fara gane ka a titi, ka daina hawa motar haya cikin kwanciyar hankali, dangi su ɗauka ka yi kuɗi, kowane biki a sa ran za ka yi liƙi. Na ga yaran da bashin shadda da hayar mota ya kassara tun kafin su yi fim na goma. In kuma ka je neman aure, a wasu gidajen kalmar "ɗan fim" kaɗai ta isa a ce a dakata a yi bincike.

Duk da haka ba zan ce maka kada ka shiga ba. In abin yana jininka, hani ba ya fitar da shi, sai dai ya sa ka shiga ta ɓarauniyar hanya. Abin da zan ce shi ne kada ka saki na hannu ka kama na guje. Kada ka bar keken ɗinkin nan.

Kuma ba don abinci kaɗai na faɗa ba. Ɗinkin naka shi ne ƙofar shigarka, ba ka sani ba. Kowane fim yana buƙatar mai kula da sutura. Rigar dogari, kayan ɗan sanda, kaftanin da za a tsufar da shi don talaka, rigar da dole a yi ta biyu iri ɗaya saboda za a yaga ɗaya a faɗa. Yaran da ke tsaye a ƙofar ofis suna roƙon rol sun fi ɗari, wanda zai iya rage wuyan riga cikin minti 10 a lokeshin kuwa ba a samunsa. Mai sutura yana wurin tun safe har dare, yana ganin yadda ake kafa kyamara, yana jin abin da darakta yake gyara wa manya, ana kuma biyansa. Rana ɗaya wani ba zai zo ba, a waiga a ce wa zai yi mana masinja, kai kuma ka riga ka haddace maganar tun jiya. Da yawa daga waɗanda kake gani yau ta haka suka shigo, wani yana riƙe fitila, wani yana rubuta kwantiniti, wato bayanan kowace fitowa don kada a sami saɓani, wani direba ne.

Kafin ranar ta zo, ka yi shiri. Shagonku makaranta ce. Ka saurari yadda Bazazzagi yake ja da magana, yadda Bakatsine yake taƙaita ta, yadda mutumin Kudancin Kaduna yake Hausarsa, yadda Bayarben da aka haifa a Tudun Wada ya fi ka karin magana. Ka dubi yadda mai bin bashi yake zama a bakin benci, da yadda wanda ake bi yake ƙara wa keke gudu don kada a haɗa ido. Ba garin da ya kai Kaduna tara harsuna a wuri guda, kuma wannan ita ce rijiyar da Samanja ya sha. Ka riƙa karanta Hausa da ƙarfi kullum, ko shafi biyu ne, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji kunya da farko, kowa ya ji. Mu da muka fito daga rediyo mun san murya ce ke fara tona ɗan wasa: in ta yi ƙarya, ko fuska ta yi kuka ba mai yarda. Ka nemi ƙungiyar wasan daɓe ka shiga, domin a gaban mutane masu rai ne ake koyon lokacin da za a yi magana da lokacin da za a bar dariya ta sauka. In Allah ya hore karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos.

Abu biyu kuma ka riƙe su da kyau. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa ka a fim, ɗan damfara ne, ko da ka ga hotonsa da manyan jarumai. Rajistar ƙungiya daban, tana da ofis da rasit. Na biyu, ka saba tambayar nawa ne tun kafin a kunna kyamara, cikin ladabi, a gaban shaida, in da hali a rubuce. Za a ce ka cika son kuɗi, za a ce yaro da kai. Ka haƙura da wannan. Kunyar tambaya ce ta cinye mutanen zamaninmu, ana ce musu ai mu 'yan'uwa ne, ai ba za mu yi haka da kai ba. Ubangida kuwa dole za ka yi, haka masana'antar take, amma ka zaɓi wanda yaransa na da suka zama wani abu, ba wanda suka shekara 10 suna riƙe masa waya ba.

Ita kuma Hajiya mahaifiyarka, kada ka yi jayayya da ita, kuma kada ka shiga a ɓoye. Ka je ka ce mata ba za ka bar ɗinki ba, za ka gama koyo har a yaye ka, fim kuma ranakun da ba aiki. Ka roƙe ta shekara biyu ta gani. In ta amince, ka nemi maigidanka na shago shi ma ya sa albarka, don shi zai riƙa ba ka izinin fita. Bayan sallah akwai wani aiki da wasu yarana za su fara a wajen Kawo, labarin gidan sarauta ne, kuma har yanzu ba su sami mai ɗinka musu kayan dogarai takwas ba. In ka shirya ka zo da tef ɗin awonka da almakashi.